Faifan Gaban Inji

Shekara shida jar motar ta yi a ƙarƙashin tamfol a kusurwar gareji, sai da 'yar marigayi ta gama koyon aiki ta ce za ta tashe ta. Baffanta, ƙanin uban, shi ke riƙe da garejin yanzu. Bai hana ta ba, don ya san jinin gidan. Yayan nasa ma in ya ce gabas, ko ɗaure shi aka yi gabas zai nufa.

Wata huɗu ta yi tana miƙe bodi tana haɗa inji. Injin kuwa ba yadda ya fito daga kamfani yake ba, uban ya ƙara masa ƙarfi da hannunsa har ya kusa ninkawa. Abu ɗaya ya rage mata, damfa, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke hancin karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, wanda ke shanye jijjigar inji yana kuma juya bel.

Faifan iri biyu ne. Akwai na kamfani, ƙarfe biyu da roba a tsakani, wanda ya ishi injin da ba a taɓa ba. Akwai na musamman da ake ƙera wa injin da aka ƙara wa ƙarfi. Ita na kamfani ta sayo, ta ajiye a kan benci.

Irinsa aka samu a motar ranar hatsarin da ya kashe uban. Robar ce ta yage a kwanar hanya, faifan ya rabu biyu, bel ɗin sitiyari ya tsinke, motar ta daki ginshiƙin gada. Tun a wajen zaman makoki ake raɗa cewa gwano ba ya jin warin jikinsa: Injiniya guda, mai yi wa kowa faɗa kan ganganci, ya ninka ƙarfin inji ya bar tsohon faifai. Maganar nan ta ci mata rai. Ba ta yarda mutumin da ke gane ciwon inji da kunne zai yi kuskure ba. A ganinta faifan ne ya zo da aibi, kuma za ta maida irinsa ta hau motar kowa ya gani.

Ba ta manta safiyar hatsarin ba. Uban ya wuni a asibiti da mahaifiyarta ana gobe za a gwada motar, ya bar wa ƙaninsa sauran aiki. Tana tsaye da kayan makaranta Baffa ya miƙa masa makulli ya ce an gama komai. Uban ya dafa kafaɗarsa, ko bonet bai buɗe ba.

Tun daga ranar Baffa bai ƙara riƙe sitiyari ba. Da ƙafa yake zuwa aiki, abokan sana'a na tsokanarsa wai makaniki mai tsoron mota kamar mahauci mai tsoron jini. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne ƙarar da yake ji. Da rana tsaka, gareji cike da hayaniya, sai ya ji bugun guduma sau uku daga wajen sito: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya san bugun. Ɗabi'ar Yaya ce, duk ƙarfen da ya zaɓa wa mota sai ya buga masa ɗigo uku a baya da ƙusa, kuma ba ya bugawa sai ranar da ya miƙa a ɗaura. Har yau 'yarsa kan leƙa ƙarƙashin motocin tsoffin kwastomomi tana neman ɗigon nan, in ta gani ta shafa shi da yatsa.

Baffa ya lallashe ta iya lallashi. Ya zana mata yadda karanshaf ke murɗewa in ƙarfi ya yi masa yawa, ya nuna mata tsoffin robobi da suka tsattsage. Ta ce na musamman sai an yi odarsa wata biyu, ita kuma ranar Asabar za ta fita gwaji, a hanyar gadar. Ta riga ta kwance babban notin faifan, notin da Baffa ya taɓa cewa shi kaɗai ne ya taɓa gagararsa a duk rayuwarsa ta aiki.

Ranar Alhamis bugun bai tsaya ba. Baffa ya kasa cin abinci, sifana ta faɗi daga hannunsa sau biyu. Yana kallon ta ta sunkuya a kan inji, ƙeyarta sak ta uban, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Washegari da hantsi ya jawo tsani ya hau saman kabad ɗin sito. Ya sauko da wani kwali duk ƙura da saƙar gizo-gizo ya dire a gabanta.

"Baffa, wane jirgi ne ya kawo oda da yanar gizo haka?" ta ce tana dariya.

"Uwata, wannan za ki saka. Amma ki duba shi da kyau tukuna, gaba da baya."

Na musamman ne, daidai injin, ko ƙwarzane babu. Takardar da aka naɗe shi ta yi rawaya har tana karyewa. Ta ɗaga kai don yin godiya, sai ta ga Baffa ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, hawaye na bin gemunsa.

Ta juya faifan. A bayansa ɗigo uku ne a jere. Tun shekara shida mahaifinta ya zaɓi daidai, wanda ya miƙa wa ne bai ɗaura ba.