Azumin Injin Ban Ruwa

Ranar da muka gama cire tumatir a fadamarmu ta bayan Kuyello, da la'asar, Baba ya durƙusa gaban injin ban ruwa. Ina 'yar shekara takwas, na kawo masa fura. Ya tsiyaye fetur ɗin tankin cikin ƙaramar jarka, ya sa leda a bakinta, ya murɗa murfin tam, ya kai ta inuwar mangwaro. Har yau ina jin warin nan, gauraye da na ganyen tumatir.

Sai ya ja igiya ya tada injin da ɗan man da ya rage a cikinsa, ya zauna yana saurare. Injin ya yi ta ruri, ya fara tari, can ya yi tsit. Na fashe da kuka, don na ɗauka ya mutu, kuma na san da shi muke ci.

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Uwata, ba mutuwa ya yi ba, azumi zai yi har rani mai zuwa. In mai ya daɗe a cikinsa sai ya yi danƙo ya toshe shi. Na jarka kuwa gobe babur zai shanye, don mai ma tsufa yake."

Shekarun nan ba mai iya zuwa fadamar saboda rashin tsaro, Baba kuma ya rasu. Injin yana zaurenmu, cikinsa wayam. Azumin ya yi tsawo, amma duk ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya taya shi, sai in ce masa lafiyarsa ƙalau.