Sukarin Alhaji Jumare

Buhu na huɗu ke nan ake shiga da shi zauren Alhaji Jumare. Malam Aƙilu na zaune a ƙofar gidansa, hannu na jan carbi, ido na tsallaken lungu. Biyun farko sukari ne, ko makaho ya shafa ya sani.

A shekarar 1984 kuwa sukari a Birnin Zazzau sai wane da wane. Gwamnati ke shigo da kaya, ita ke ba wanda ta ga dama takardar kaso, ita ke yanka farashi. Mai takarda ya sha shayi, marar takarda ya sha kallo. Aƙilu shekararsa ashirin yana tireda, amma kantarsa ta yi fayau, sai ashana da bula. Jumare kuwa, wanda tare suka yi karatun allo a Kusfa, har Aƙilu ke biya masa, shi ya samu takarda.

Kullum bayan La'asar wa'azin Aƙilu a majalisa ɗaya ne. "Ina ruwan gwamnati da tsinin mudu? Ta gyara hanya, ta sa magani a asibiti, ta bar kasuwa ta yi halinta. A cire takarda a ga ɗan kasuwar gaskiya!" Maganar tasa gaskiya ce, sai dai hassada ce ke ɗaga masa murya.

Abin da ke cin ransa shi ne bikin 'yarsa Jamilatu saura kwana goma, babu ko gwangwanin sukari na gara. Ina aka taɓa kai amarya ba alkaki, ba nakiya? Ga dangin ango 'yan Ƙofar Kuyambana, masu baki kamar reza. Matarsa Sailuba kuwa ko a jikinta, iyaka ta ce, "Allah zai rufa asiri, Malam." Shi natsuwar tata ma haushi take ba shi.

Ya haɗiye girman kai ya tsallaka. "Alhaji, a sayar mini buhu ɗaya."

Jumare ya yi murmushi. "Waɗannan ba na sayarwa ba ne, Malam. Af, ɗaurin auren Juma'ar sama ne ko?"

Kai! Ga hani ga ba'a. Aƙilu ya dawo gida zuciya na tafasa. Kashegari ya zauna ya rubuta wasiƙa da hannun hagu, bai sa suna ba, ya aika wa kwamitin farashi cewa akwai mai ɓoye kaya a Kusfa. Mai korar gwamnati daga kasuwa, ga shi da kansa ya gayyato ta har lungunsu.

Ran Talata da hantsi mota ta tsaya a bakin hanya, don lungun ba ya cin mota. Sojoji suka shigo da bulala. Aka fito da sukari da fulawa da shinkafa da garwar man gyaɗa daga zauren Jumare, aka baje a ƙasa, aka ce jama'a su yi layi su saya a farashin gwamnati. Jumare na ƙoƙarin bayani aka sa shi tsallen kwaɗo da furfurarsa. Aƙilu ya kawar da kai, amma wallahi ya ji sanyi a ransa. Har layin ya bi, ya samu mudu guda.

Ya shiga gida da ɗan ƙullinsa, ya tarar da Sailuba ta zube a tsakar gida, ta ɗora hannu a ka.

"Ke kuma lafiya? Kayan wani aka kwashe, ke ce da kuka?"

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya kai ƙarar nan!" Ta share majina da bakin zane. "Wane wani, Malam? Garar Jamilatu ce Alhaji ya haɗa mana gudunmawa, ya ce kada in gaya maka sai ranar tuya, don ya san ba za ka karɓa daga hannunsa ba."