Baƙin da Ba Su Yi Sallama Ba

Tukunyar tuwo na bisa murhu tana tafasa, muciya a tsaye a ciki, amma babu mai tuƙawa. Maharazu ya sauke ƙafa daga keke ya ɗaga hannu, sauran biyar ɗin suka tsaya a bayansa.

Tun hantsi suka baro Kankara. Maharazu ne ya kawo wannan ɗabi'a daga Kaduna, inda yake aiki: a ɗaure guzuri a keke, a shiga daji, a kwana, a ɗauki hotuna a dawo. Da aka ce an yi sulhu da 'yan bindiga, sai ya ga ai lokaci ya yi. Mahaifiyarsa, Hajiya Safara'u, ta ce ba da yawunta ba, balle da ta ji har da autanta Shamsu. Sai da Maharazu ya dafa kan yaron ya rantse zai dawo mata da shi ko ƙwarzane babu. Baki dai shi ke yanka wuya.

A kasuwar Yankara mai shayi ya ƙare musu kallo: hulunan kwano, baƙaƙen tabarau, ga dogayen jakunkunan sandunan tanti rataye a bayansu. Ya ce sulhun nan na fatar baki ne. Ya ce 'yan bindigar yanzu ba sa shigowa da ƙarar babur, kashe inji suke su turo, ba ka ankara ba sai ka gan su a ƙofar gida. Suka yi dariya suka biya shi. Da suka wuce Tafoki ƙura ta dame su, kowa ya ja mayafi ya rufe hanci da baki. Sun yi ɓatan hanya a cikin daji, shi ya sa suka ɓullo wa wani ƙauye ta baya, daidai faɗuwar rana.

Ga shi kuwa ƙauyen babu kowa. Ƙofofi a buɗe. A gaban masallaci butoci na kwance, ƙasar wurin alwala ba ta ma bushe ba. Takalmin yaro wari ɗaya a tsakiyar hanya. Awaki na ɗaure a turakunsu suna ta kuka.

Gide, wanda ya fi kowa surutu a cikinsu, ya buɗe baki zai rafka sallama. Maharazu ya toshe masa baki da tafin hannu. Ya raɗa masa cewa waɗanda suka kori mutanen nan ba su yi nisa ba, kada wanda ya ƙara ko tari. Komawa cikin duhu ba ta taso ba, waya kuma babu sabis. Suka tura kekunansu a hankali, suka shige zauren gida mafi girma, suka tokare ƙofa da turmi.

Yunwa ba ta san tsoro ba. Gide ya lallaɓa ya kwaso tuwon nan, suka ci a tsugune, ba mai kallon wani.

Da duhu ya kankama, gonar dawar da ta kewaye ƙauyen ta fara motsi, alhali ko iska babu. Kara ya karye ta gabas, wani ya amsa ta yamma. Suka ji raɗa. Can wani jariri ya tsanyara kuka, nan take kukan ya yanke kamar an danne shi da zane. Maharazu ya ji tsoron da bai taɓa ji ba. Ya riƙe hannun Shamsu gam, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, yana ganin fuskar Hajiya a cikin duhu. An kewaye su, wannan kam babu tantama. Abin da ya kasa ganewa shi ne me ake jira.

Gab da asuba gyangyaɗi ya sace shi. Da ya farka, hannunsa wayam. Gide ya ce Shamsu ya matsu da fitsari, ya ɗauki buta ya zaga bayan katanga, ya ce yanzu zai dawo.

Maharazu ya ture turmin ya fita, bai ko tsaya warware mayafin fuskarsa ba. Ya saɓi jakar sandunan tanti, don ita kaɗai ce abin da zai iya duka da shi. A bayan katanga ya tarar da butar a kife, da sawun ƙafafu da yawa, duk ba takalmi, da shatin inda aka ja mutum zuwa cikin dawa. Ya tsaya yana lissafin abin da zai sayar: keken, filinsa na Kaduna, gidan gado ma in ta kama. Ko nawa suka yanka zai biya, muddin ba zai shiga gida shi kaɗai ba.

Gari na wayewa dawar ta dare. Wani tsoho ya fito, ba bindiga, ba adda, rigarsa jiƙe da raɓa. Hular kwanon Shamsu ce a hannunsa. Da ya ga Maharazu da abin da ke kafaɗarsa, sai ya zube bisa gwiwoyinsa, ya ajiye hular a ƙasa tsakaninsu.

"Don Allah kada ka harba," in ji tsohon. "Yaronku na hannunmu, ba mu taɓa shi ba. Ku maido mana ɗiyanmu mata da kuka tahi da su ran Juma'a, mu ba ku shi."