Babur Mai Ƙafa Huɗu da Tutar Jan Gaba

Tunda ka zo kana tambaya wane babur mai ƙafa huɗu ne ya fi iya hawan dutse, gyara zama ka ji wannan kafin ka nufi kasuwa.

A wani gari da ke gindin duwatsu akwai waɗansu magidanta da suka mai da hawan irin waɗannan babura abin shaƙatawarsu. Da zarar damina ta ja baya sai su haɗu, su bi burtali, su ratsa fadama, su haura har ƙauyen da ke kan tudu, su sha fura su juyo. Suna da al'ada guda: mai jan gaba shi ke ɗaura jar tuta a bayan baburinsa, amma duk ranar da aka jawo shi gida da igiya, to tuta ta bar hannunsa ke nan. Shekara da shekaru tutar nan tana wurin wani mai sayar da fenti, kuma Allah ya sani yana sonta kamar ransa. Mutum ne da ya san babura ciki da waje. In hira ta yi daɗi zai gaya maka wanne ne mai ƙarfin inji, wanne ne marar nauyi da ke saurin juyawa a matsatsin dutse, wanne ne mai faɗi da ba ya kifewa a gangara, kuma duk inda zancen ya zaga a kan nasa yake sauka. Ba ƙarya yake ba, baburin nasa ba na wasa ba ne. Wanda ya fi shan ba'arsa shi ne amininsa, wani mai gidan burodi, wanda baburinsa ƙarami ne har launinsa ya koɗe. Tsohon jaki yake ce wa baburin. Shi kuwa mai burodi, duk ranar da suka dawo ba ya zama cin abinci sai ya wanke sarƙar baburin da kananzir, ya shafa mata mai, ya taɓa tayoyi ya ji iskarsu. Mai fenti dai mai fenti ne, abin da ido ke gani shi ne damuwarsa. Da ruwa ya kankama aka dakatar da fita, sai ya sa aka wanke masa laka, aka goge babur yana ƙyalli, ya ja tamfol ya rufe, bai sake waiwayarsa ba.

Ranar fitar farko da safe ya yaye tamfol. Jiki yana nan fes, amma sarƙa ta yi ja da tsatsa ta saki, tayoyi sun yi laushi, man inji ya yi kauri. Gabansa ya faɗi. Ga abokai a ƙofar gida suna ta murɗa babura, ga tuta tana jira. Sai ya duƙufa, aikin damina guda yana so ya gama shi kafin kokonsa ya huce. Ya juye mai, ya buga iska, ya kama sarƙa ya ɗaure ta tamau kamar tsirkiyar baka. Abin haushin, shi da bakinsa ya sha koya wa mutane cewa sarƙa tana son a bar mata ɗan sassauci, domin in babur ya yi tsalle ya dira da nauyin mutum, sai ta ƙara miƙewa. Gaggawa ta shafe masa wannan. Mai burodi ya leƙo ya ce, “Aboki, mu ɗaga tafiyar zuwa gobe mana, ka duba shi a tsanake.” Mai fenti ya ce, “Kai dai lallaɓa jakinka, ka tarar da ni a sama.”

Da farko kam ya yi abin da ya saba. Ya keta fadama laka na tashi, tuta na kaɗawa, har ya fara jin tsoron da ya ji da safe shirme ne. Da suka iso babban hawa ya ƙara wuta, babur ya tsallake wani dutse ya dira, sai ji aka yi tas! Sarƙa ta tsinke, ta yi bulala ta fasa gefen inji, mai ya malale a kan dutse. Da ƙyar birki ya tsai da shi bai gangara baya ba. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi masa ciwo. Mai burodi ya sauko, ya ɗaura igiya, ƙaramin baburin ya ja babban a hankali har cikin gari, ta gaban shagon fenti, kasuwa tana ci. Mai fenti bai jira a tuna masa ba, da hannunsa ya kwance tuta ya ɗaura wa amininsa, idonsa ya yi ja. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, har a wannan ranar babu mai injin da ya kai nasa.

Don haka je ka zaɓi wanda ya dace da ƙarfinka da irin hanyarka, babba ko ƙarami, duk za su kai ka. Amma ranar da ba ka zuwa ko'ina, ranar ce ta duba shi. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.