Allon da Aka Cire

Jacinta ta sauka daga adaidaita sahu a bakin benen, ta ɗaga kai. Babu allon. Ramukan ƙusa ne kawai a bango, da wani faffaɗan wuri da fentinsa ya fi na sauran haske.

Wata huɗu da suka wuce da idonta ta gan shi a nan, shuɗi mai sheƙi, da tambarin jirgin sama cikin zoben zinariya. Kamfanin samar wa 'yan mata aikin jinya a ƙasar waje ne. 'Yarta Diana ta riƙe mata hannu ta ce, "Mama, masu irin wannan allo a Nassarawa GRA ba sa ƙarya." Ita ma ta yarda, don kyan allon kaɗai ya isa ya sa mutum ya gyara tsayuwa.

Ba su gaya wa Martin, baban Diana, ba sai da yarinyar ta tafi, saboda shi gwanin kushe abu ne. Ranar da ya ji, sunan kamfanin kawai ya tambaya. Ta faɗa, ya ajiye cokali. Tun daga nan bai ƙara cin abincin kirki ba.

Sau biyu Diana ta kira. A na biyun kuka take yi, daga wata ƙasa da ba ita aka faɗa musu ba, an ƙwace mata fasfo. Daga nan shiru.

Yau da ƙyar Jacinta ta janyo Martin daga shagonsa na Hotoro, hannu duk fenti. Ga shi ya maƙale a bayan darbejiya, ya ja hula har goshi. Takaici ya cika ta. Namiji guda, 'yarsa ta ɓata, amma ko tambaya ya kasa!

Ta bubbuga ƙofa. Tsohon maigadi ya leƙo, ya ce bai san inda suke ba. Haka suke yi, su rufe, bayan wata uku su buɗe da sabon suna, iyaye su yi ta zuwa suna kuka.

"Baba, don Allah, ba wanda ya san su?"

Tsohon ya hangi bayanta, ya ɗaga hannu.

"Ai ga shi can, Madam. Oga Martin! Sau huɗu kana kafa musu allo kana cirewa, yau kuma wane suna ka kawo mana?"