Gurbi Ɗaya a Gidan Talatu

Tun da doka ta ce gurbin jami'a ɗaya kowane gida zai samu, Talatu da 'yarta Rumasa'u suke gwajin tambayoyin tattalin arziki a allon kwamfuta mai magana da ke bango. Wadda ta fi maki ita za ta zauna jarrabawa.

Allon ya tambayi yadda farashi ke yi idan kaya sun yi ƙaranci. Talatu, da ta shekara ashirin tana sayar da hatsi, ta taɓa "sauka".

"Wannan kuskuren da gangan ne," in ji allon. "Na tara ke nan."

Rumasa'u ta juyo. "Umma, ashe bar mini kike yi?"

Talatu ta kasa ɗaga kai.

"Goge makina," Rumasa'u ta ce wa allon. "Mu sake daga farko."