Saiwar da Malamin Makaranta Ya Haƙo wa Matarsa

Ajiye wayar nan tukuna, ɗan ƙanena. Tun da ka shigo kake nuna mini hotunan ganyaye, wannan kaza ne, wancan kaza ne, har kana cewa mako mai zuwa za ku haƙo wani ku jarraba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gandun daji, kuma wallahi har gobe akwai ciyawar da in na gani nake ratse mata. Zauna in ba ka misali.

An yi wani malamin makaranta da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi. Sai shi da abokansa huɗu suka tsiri shiga daji a kan babura duk ranar Asabar suna tsinko ganye. Su danne shi cikin tsofaffin jaridu ya bushe, su liƙa a wani babban littafi, su rubuta sunansa na Hausa da na boko. Abin sha'awa ne, ban ce ba. Amma sun kafa wa kansu wata doka ta banza. Wanda ya fara gano sunan tsiro, sunansa ake rubutawa a ƙasan ganyen. Wanda kuwa ya tambayi manomi ko makiyayi, sai a ce ya yi satar amsa, ba a ƙirga masa. Ka ji fa, mutanen da aka haifa cikin dajin su ne aka hana tambaya.

Wata Asabar, bayan an ƙone daji sabon toho ya fara fitowa, malamin ya ga wani ɗan gajeren tsiro mai siraran ganye, ko fure bai yi ba. Can gefe ga wani dattijon makiyayi yana ta korar shanunsa daga wurin da sanda. Malamin ya ɗaga masa hannu, suka gaisa daga nesa, iyakarta ke nan. Ya buɗe littafin da ya saya mai zanen itatuwa, ya ɗora ganyen a kan wani zane, ya ga sun yi daidai. A ƙarƙashin zanen an rubuta cewa saiwar tana maganin ciwon gaɓoɓi. Matarsa kuwa ta shekara biyu tana salla a zaune saboda gwiwa, kuma yana son matar nan, abin yana ci masa rai. Ya haƙo saiwa cike da leda, abokai suka rubuta sunansa suna yi masa kirari. Washegari da hantsi ya ba ta, ya ce ta tafasa ta sha kofi ɗaya bayan sallar azahar. Shi kuma ya hau babur ya koma ya ƙaro, don kada a riga shi.

Yana durƙushe yana haƙa da fartanya sai ga makiyayin nan a kansa. Dattijon ya dubi ramukan jiya, ya dubi ledar, ya tambaye shi ina ya kai waɗanda ya haƙa. Malamin ya faɗa masa, har da ɗan murmushi. Dattijon bai yi murmushi ba.

"Malam, tururubi ne wannan. Bara karsanata ta ci, ba ta kwana ba."

Malamin ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga ta take tsaka. Ya zaro waya, babu sabis. Ya bar fartanyar da littafin a nan ya faɗa kan babur. Ƙauye uku ne tsakaninsa da gida. A na farko ya ga mutane sun jeru bakin masallaci da butoci suna alwala, ya ce a ransa da sauran lokaci, matarsa tana jinkirin salla saboda ƙafar. A na biyu ya tarar an yi sahu, liman ya kabbarta. Ya ƙara wuta, yana kiran sunanta da ƙarfi a kan hanya kamar za ta ji. A na uku ya ga ana fitowa ana sa takalma. Nan ne ya fara kuka, dattijo da furfurarsa, yana tuƙi yana kuka.

Ya same ta zaune a kan dardumar salla, kofin a kife gefenta, ta dafe maƙogwaro, gumi na zuba. Da ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin gyara zama, kada hankalinsa ya tashi.

"Malam, tun kurɓar farko yake ƙuna kamar barkono. Na so in zubar, sai na ce ai kai ka karanta."

An kai ta asibiti. Likita ya tambayi sunan abin da ta sha, malamin ya buɗe baki ya ji sunan bokon da ya rubuta jiya na neman fitowa, ya haɗiye, ya faɗi wanda makiyayin ya gaya masa. Kwana uku ta yi, yana zaune gefen gadon yana kallon aikin hannunsa, ba abin da zai iya. Ranar Laraba aka kai ta makwancinta.

Da mutumin nan bai san komai ba, da tsoro ya hana shi taɓa saiwar. Da ya sani sosai, da sanin ya hana shi. Ɗan abin da ya sani ne ya ɗaure shi hannu da wuya. Shi ya sa Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.